Kafin Ka Biya Kuɗin Fili a Kudu: Inda Ake Bincike da Abin da Ake Dubawa

Yau maganar fili za mu yi, don duk wanda ya kwana biyu a kurmi yana biyan haya ya san akwai ranar da zuciya ke ce masa ya isa haka, a nemi ko da rabin fuloti ne a kafa tubali. Kuma haƙƙinmu ne. Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar mallakar fili ko gida a duk inda yake so a ƙasar nan, ko a Agege ne, ko Shagamu, ko Fatakwal. Matsalar dai ita ce yadda muke sayen.

Ni a gidan fataucin shanu na tashi. A kara, ciniki a gaban ido ake yin sa. Ka zagaya sa, ka duba haƙoransa, ka taya, mai shi ya ce albarka ko ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, ka ja igiya ka tafi. In daga baya magana ta taso cewa na sata ne, dillali da mai gidan da baƙon ya sauka wurinsa su ke tsayawa. Wannan tsarin ya riƙe mu shekara da shekaru, shi ya sa da yawa cikin iyayenmu ke ɗaukarsa su kai shi cinikin fili. To amma fili ba ya ɗaukar wannan. Ba a jan sa da igiya, kuma kallonsa ba zai gaya maka mai shi ba. Mai fili a rubuce yake, a ofishin awo, a rajistar filaye, wani lokaci a fayil ɗin kotu. Wanda bai je can ya duba ba, bai san abin da ya saya ba, ko da kuwa dillalin ɗan garinsu ne.

A doka, wa ke da ƙasa?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamnan jihar, yana riƙe da ita amana a madadin jama'a. Saboda haka abin da kake saya haƙƙin zama ne da amfani da wurin. Takardar da gwamna ke bayarwa a kan haka ita ce kowa ke kira C of O, kuma galibi shekara 99 ake rubutawa a kanta.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, sashe na 22 na dokar ya ce mai riƙe da irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jingina ta rushe don ba a nemi amincewar ba. Na biyu, gwamna na da ikon karɓe fili don aikin jama'a, kamar hanya, asibiti ko makaranta. Da yawa daga cikin filayen da ake tallatawa da araha a gefen gari, tuntuni gwamnati ta karɓe su a takarda, ba ta dai fara aikin ba ne.

Fara sanin jihar da filin yake

Wannan kamar wasa, amma yana ruɗa mutane sosai. Wuraren da muke ce wa Legas a baki, irin su Kara da ke bayan Berger, Arepo, Magboro, Ibafo, Mowe, Akute da Sango Ota, duk ƙasar Ogun ce. Filin da ke can, fayil ɗinsa na Abeokuta, a ofishin filaye da awo na jihar. Na Legas kuwa Alausa ake zuwa, a Ikeja, can ne ofishin filaye da na babban safiyon jiha suke. Na Ibadan da sauran jihar Oyo, sakatariyar Agodi. A jihohin gabas da na Neja Delta ma haka abin yake, kowace jiha da ma'aikatar filayenta a babban birninta.

Akwai kuma filayen tarayya a cikin jihohi, kamar Festac da rukunin gidajen Gowon a Legas, waɗanda ke ƙarƙashin Hukumar Gidaje ta Tarayya. Waɗannan a ofisoshin tarayya ake binciken su. In ka kai takardarsu Alausa, ka ɓata ƙafarka ne kawai.

Takardun da za a riƙa ambata maka

Rasit ɗin dangi. Shaida ce cewa ka biya kuɗi. Ba ta nuna wanda ya karɓi kuɗin yana da ikon sayarwa ba.

Taswirar safiyo. Tana nuna inda filin yake, faɗinsa, lambobin turakun siminti da aka kafa a kusurwoyinsa, sunan wanda aka yi wa awon, da suna da hatimin safiyon. Dole safiyon ya zama mai rajista da hukumar safiyoyi ta ƙasa, SURCON, kuma ya ajiye kwafi a ofishin babban safiyon jiha. Taswira wuri take nunawa, ita kaɗai ba ta mallaka wa kowa fili.

Gazet da eksishan. In gwamnati ta karɓe ƙasa mai yawa, takan yanke wani yanki ta maida wa 'yan asalin ƙauyen. Wannan yankewar ita ce eksishan, kuma ana buga ta a jaridar gwamnati da ake kira gazet, da lamba da shekara da iyakoki. Ka kula da masu cewa ana kan neman eksishan. Nema daban, samu daban, kuma ko an bayar ɗin, ba dole ne naka fulotin ya faɗa ciki ba.

C of O. Ita ce babbar takarda, amma a fili ɗaya sau ɗaya ake bayar da ita. Wanda ya saya daga hannun mai C of O ba ya samun sabuwa, abin da yake samu takardar sallamawa ce mai ɗauke da amincewar gwamna.

Takardar sallamawa. Ita ce lauya ke rubutawa tsakanin mai sayarwa da mai saye, lauyoyi na ce mata did. Sai an buga mata hatimin haraji, gwamna ya amince, an yi mata rajista, sannan ta cika.

Takardar wakilci. A gabas an saba sayar da fili da ita. To ka sani, wakilci ne kawai, izini ne ka yi abu a madadin mai fili. Ba ta maida filin naka. In an ba ka ita, ka nemi a haɗa da takardar sallamawa.

Mataki na farko: ɗauki naka safiyon

Kada ka dogara da taswirar da mai sayarwa ya miƙo maka. Ka nemi safiyo mai rajista wanda kai ne za ka biya shi, ku je filin tare, ka tsaya ka ga inda ya ɗauki lambobin wurin da na'urarsa. Daga nan ya kai lambobin ofishin babban safiyon jiha, a ɗora su a kan taswirar gwamnati. Abu uku ne amsar ke iya zama. Ko filin a sake yake, gwamnati ba ta da komai a kansa. Ko yana cikin ƙasar da aka karɓe amma ba a ware ta don wani takamaiman aiki ba, irin wannan a Legas akan iya biyan gwamnati a daidaita maka zama, sai dai kuɗi ne na daban da ya kamata ka sani tun kafin ka taya. Ko kuwa yana cikin wadda aka riga aka ware don hanya, magudanar ruwa ko wani aiki. Wannan ta ukun ko kyauta aka ba ka, ka ce albarka.

Ka nemi a ba ka amsar a rubuce daga ofis. In filin eksishan ne, a tabbatar lambobinsa sun faɗa cikin iyakar da gazet ta zana, don akwai masu nuna gazet ta gaskiya su sayar da filin da ke wajenta.

Safiyon kuma ya auna maka faɗin. Fulotin da muka sani a gida ƙafa 50 ne da 100, na Legas kuwa galibi ƙafa 60 da 120, wanda shida daga cikinsa ke ba da kusan eka ɗaya. Kada a rubuta maka "fuloti ɗaya" kawai. A rubuta murabba'in mita nawa ne.

Mataki na biyu: rajistar filaye

In mai sayarwa ya ce yana da C of O ko takardar sallamawa mai rajista, ka karɓi hoton ta. Duk takardar da aka yi wa rajista tana ɗauke da lamba, shafi da kundin da aka shigar da ita. Da waɗannan lauyanka zai nemi a buɗe fayil. Lauyan ma naka zai zama, ba na mai sayarwa ko na dillali ba, kuma ka ga hatimin ƙungiyar lauyoyi, NBA, a kan takardun da ya rubuta.

Ga abin da ake dubawa a fayil ɗin. Sunan da ke rajista shi ne na wanda ke tsaye a gabanka? Taswirar da ke ciki ta yi daidai da lambobin da safiyonka ya ɗauko? An jinginar da filin ga banki? Akwai wanda ya shigar da ƙorafi ko umarnin kotu a kansa? An riga an sayar wa wani? Gwamnati ta soke takardar? In filin ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso ga mai sayar maka, a bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya, a ga takardar kowane. Inda aka samu giɓi, nan ne rigima ke ɓoye. Lauya zai iya karɓo maka kwafin da ofis ya buga wa hatimi, ka kwatanta shi da wanda aka nuna maka, don ana buga C of O na jabu da za ka rantse daga ofis ya fito.

Ko C of O na gaskiya ma ba shi ne ƙarshen magana ba. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa in wanda aka ba takardar tun asali ba shi da haƙƙi a filin, kuma ga wani da ya riga shi, takardar ba za ta cece shi ba. Shi ya sa ake tambayar asalin fili, daga ina ya fito, wa ya fara sayarwa.

Filin dangi da 'yan omo onile

Yawancin filayen da talaka ke iya saye a ƙasar Yarbawa na dangi ne, babu C of O, babu rajista. Ba laifi ba ne a saya, amma akwai ƙa'ida da kotuna suka daɗe suna bi. Sai shugaban dangi, wanda suke kira olori ebi, tare da manyan wakilan kowane ɓangare na gidan sun yarda. In 'yan gidan suka sayar ba tare da shugaban ba, cinikin banza ne tun daga tushe. In shugaban ya sayar da sunan dangi ba tare da manyan ba, suna iya zuwa kotu su rushe shi. Ka ga ke nan saurayi ɗaya da ya zo da babur da rasit a aljihu bai isa ba, ko da kuwa da gaske jikan gidan ne.

Ka tambayi ɓangarori nawa ne a gidan, wa ke wakiltar kowanne, ka nemi a zauna da su gaba ɗaya. Ka je gaishe da Baale, ka ji ko gida biyu na jayayya a kan wurin. Amma ka riƙe wannan, sa hannun Baale shaida ce kawai, haka ma sa hannun Sarkin Hausawa. Sarki zai taimaka maka da sanin mutanen gari da wanda ake yarda da shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ba ya maye gurbin mai fili.

Legas ta yi dokar kare kadarori a 2016 saboda masu ƙwacen fili da masu tare mai gini suna neman kuɗin tushe da kuɗin rufi, kuma akwai rundunar da aka kafa don karɓar ƙorafi. Ogun da Oyo ma suna da irin wannan doka. Amma in ka je kai ƙara, abin da za a fara tambayarka takardunka ne.

Gidan gado, kamfani da masu estet

In mai gidan ya rasu, 'ya'yansa ba sa sayarwa da baki. A sashen gado na babbar kotun jiha ake ba da takardar da ke nuna waɗanda aka naɗa su kula da dukiyar, ko da wasiyya ko babu. Ka ga takardar, lauya ya je ya tabbatar daga can ta fito, kuma duk waɗanda sunansu ke ciki su sa hannu. Wannan har da gidajen 'yan'uwanmu a Sabo da zango. In ba a raba gado ba, ko wasu magadan suna Arewa ba su da labari, ka dakata har a raba.

In kamfani ne ke sayarwa, a bincika shi a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ga ko yana nan da rai, su wa ne daraktocinsa, da ko ya ci bashi da filin. Masu estet da ke raba takardun talla a bakin titi, ka tambaye su takardar da suke da ita a kan dukan filin, ka yi mata binciken nan da na lissafa, sannan a nuna maka naka fulotin a ƙasa, da lambarsa. A Legas akwai hukumar da ke rajistar dillalan gidaje, LASRERA, ana iya tambayar ko ejan ɗin na cikin littafinta.

Kada a manta da kotu

Fili na iya zama lafiya lau a rajista alhali shari'a na gudana a kansa. Wanda ya saya ana cikin shari'a, duk hukuncin da aka yanke zai hau kansa. Ku tuna abin da ya faru a Magodo. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin soja ta Legas ta karɓe ƙasa a Shangisha, daga baya aka yanka ta fuloti-fuloti aka raba wa mutane. Waɗanda aka tasa suka tafi kotu, har a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa a ba su fuloti 549. A Disamban 2021 sai ga ma'aikatan kotu da 'yan sanda sun shiga unguwar suna shafa wa gidaje fenti. Mutanen da ke ciki masu kuɗi ne, masu ilimi, da takardun gwamnati a hannu. In abin ya taɓa su, ina ga mai sayar da albasa a Mile 12? Ka sa lauya ya duba rajistar babbar kotun yankin da sunan dangin da sunan mai sayarwa.

Abin da ƙafa ke ganowa

Bayan ofisoshi, ka koma filin kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Ka gaisa da maƙwabta, ka tambayi mai shago da magina wa suka sani da wurin, daga hannun wa su suka saya, an taɓa dawowa an ce su sake biya? Ka duba ko akwai tsohon tushe, tarin bulo, rogo da wani ya shuka, ko katanga da aka goge rubutun jan fenti a jikinta. Duk waɗannan alamu ne cewa wani ya riga ka.

In da hali ka ga filin da damina. Mu da muke hulɗa da Kara mun san yadda ruwan kogin Ogun ke cika yankin Isheri in an saki madatsar Oyan. Filin da ka gani a bushe a watan Janairu, a Oktoba sai da kwalekwale.

Sai tazara. Babbar wayar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 tana da mita 25 kowane gefe da ba a gini, mai 132 kuma mita 15. Titin tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. Bututun mai, layin dogo, kogi da babban kwalbati ma kowanne da tasa tazarar. Gine-ginen da aka rushe a 2024 saboda titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba, da waɗanda ake rushewa a kan hanyar ruwa a yankin Lekki, sun isa darasi. In gida ne ginanne za ka saya, ka nemi takardar izinin gini da rasit ɗin harajin ƙasa na shekarun baya.

Ranar biya da bayanta

Dillali zai ce maka wani Alhaji na zuwa da kuɗi gobe, ka ajiye kafin alƙalami. Ka bar shi ya zo. In dole sai ka ajiye wani abu, ya zama kaɗan, a rubuta cewa za a maido in bincike ya nuna matsala.

Ka biya ta banki, cikin asusun da ke da sunan mai filin ko wanda dangi suka rubuta sun amince da shi, ka rubuta dalilin biyan. Mun saba da kuɗi a buhu, amma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba, kuma shaidar banki ba ta mantuwa ba ta mutuwa. A sa hannu gaban shaidu na ɓangare biyu, a manna hotunan masu sayarwa, a ɗauki hoton zaman. In kai ko baba ba ku karanta Turanci, doka ta tanadi a karanta muku a fassara, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi haka, da sunan wanda ya fassara. Kada a dangwala yatsa sai an yi wannan.

Da an biya, a damƙa maka filin gaban shaidu, ka yi sabuwar taswira da sunanka, ka kewaye shi ko da da bulo layi uku ne, ka sa wanda zai riƙa leƙawa. Sannan ka fara neman amincewar gwamna da rajista, ko C of O in filin bai taɓa samu ba. Nan ne da yawanmu ke tsayawa don ganin kashe kuɗi, alhali in aka sayar wa mutum biyu fili ɗaya, wanda ya riga yin rajista yakan fi ƙarfi a gaban alƙali. Tun wajen lissafi ka ware kuɗin safiyo, na lauya da na rajista a matsayin wani ɓangare na kuɗin filin. In kuɗinka bai kai ga duka ba, gara rabin fuloti mai takarda da cikakke wanda za ka kwana kana tunaninsa.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa iyayenmu na kara da na kasuwa da ba sa duba waya, tun kafin wani ya sayar da shanunsa ya kai kuɗin. Allah ya tsare mana guminmu.